Kurakuran da muke yi wajen sayen dashen itatuwan gida da yawa

Duk shekara da zarar damina ta zauna sai wayata ta fara ƙara, wannan yace dan Allah ina zan samu ɗorawa dubu ɗaya cikin satin nan, wancan yace ƙungiyarsu ta samu tallafi suna son maɗaci da tsamiya kafin Juma'a saboda manyan baƙi zasu zo. Gaskiyar da nake faɗa musu bata yi musu daɗi, amma ita ce: kun makara, kuma ba da sati ɗaya ko biyu ba, da kusan wata shida.

Nima haka ta faru dani. Shekara uku da suka wuce muka haɗa kuɗi da 'yan uwana zamu cika wata gonar gado dake hanyar Giwa da itatuwan gida, wato na asalin ƙasarmu, ɗorawa, tsamiya, maɗaci, kuka, harda kaɗanya. Cikin watan Yuli na shiga zagayen masu renon dashe a Zariya daga Samaru har Sabon Gari da kuɗina a aljihu. Duk inda naje abu ɗaya ne, turare, dalbejiya, mangwaro, kashu, sai fulawoyin ado. Wani dattijo mai reno a bakin rafi ya kalle ni yace, ɗana, ɗorawa ai ba burodi bace da zaka zo da safe ka tarar an gasa, da ka zo min tun Janairu da yanzu ledarka ɗari biyar na jere a nan. Nace Baba to me yasa baku ajiye ta? Yace wa zai saya, in na rena dubu ba mai oda asarar ruwana da ledata wa zai biya. Kuma gaskiyarsa ne. Mai reno ɗan kasuwa ne, abinda ke fita shi yake zubawa.

To wannan shine kuskure na farko kuma shi ya haifi sauran. Dashen itacen gida oda ake bayarwa tun cikin hunturu, ayi magana, a bada kafin alƙalami, sannan mutum ya nemo iri ya zuba domin kai. Kowace bishiya kuma da lokacin irinta. Tsamiya da kuka da gawo 'ya'yansu na nuna ne da rani. Ɗorawa sai wajen Maris zuwa Mayu, saboda haka in kana son manyan dashe a Yuli gara ayi amfani da kalwar bara da aka adana da kyau. A kula fa, kalwar da aka dafa domin daddawa ta mutu, ba abinda zata tsiro. Irin maɗaci baya jure ajiya, in ya yi 'yan watanni a buhu cikin zafin nan namu yawancinsa ya tashi aiki. Kaɗanya ta fi kowa wahala, 'ya'yanta na zubowa ne da damina kuma ƙwallon in ya bushe shikenan, cikin sati ɗaya zuwa biyu ake so ya shiga ƙasa, kenan dashen kaɗanyar da zaka dasa bana irin bara ne, duk wanda yace zai haɗa maka dubu cikin wata guda ka tambaye shi daga ina. Marke kuma mafi yawan irinsa fanko ne, sai an zuba da yawa ake samun kaɗan. Giginya ma ba'a wahalar da kai da leda, kai tsaye ake binne ƙwallon a inda ake so ta tsaya, duk wanda ya taɓa haƙar muruci ya san zurfin da take yi kafin ta fito da ganye ko ɗaya.

Sai kuma ruɗanin menene ma itacen gida. Mutane da yawa sun ɗauka dalbejiya tamu ce saboda mun taso mun ganta a ƙofar gida, alhali daga Indiya aka kawo ta, turare kuma daga Ostareliya. Ba ina cewa basu da amfani bane, suna da inuwa da itacen girki, amma in niyyarka dawo da abinda ƙasar Zazzau ta sani ne to duba sunayen unguwanninmu kawai, Rimin Tsiwa, Rimin Doko, Ƙofar Doka, zaka gane irin itatuwan da garin nan ya tashi a cikinsu. Rimi, doka, maje, kawo, kirya, kanya, ɗinya, madobiya, waɗannan su ne ke ƙarewa kuma su ne ba'a renawa.

Ko ka bada odar ma akwai matsalar gane dashen yana ƙarami. Ƙaramar ɗorawa tana kama da wasu baƙin itatuwa masu siririn ganye, harda wannan mai jan fure da ake shukawa domin ado a bakin titi, sai bayan shekara biyu mutum ya gane ba ita bace. Kirya ta gida bata da ƙaya, in kaga ƙaya a jikin abinda aka ce maka kirya ce to wata 'yar uwarta ce baƙuwa mai mamaye fili. Maɗaci gefen ganyensa sumul yake kuma sabon tohonsa ja-ja ne, dalbejiya gefen nata kamar haƙoran zarto. Kuka kuma akasin haka ake yi mata, na taɓa ganin mutum ya ƙi karɓar dashen kuka mai kyau wai ganyen ba mai yatsu bane, bai san tana ƙarama ganye ɗaya-ɗaya take yi ba sai ta girma yake rabuwa. Maganin wannan mai sauƙi ne, ka nemi a nuna maka irin kafin a zuba, kalwa dai kowa ya santa, 'ya'yan tsamiya da na kuka haka. In kana shakka ka ɗauki leda ɗaya ka kai wa tsohon manomi ko ma'aikacin gandun daji, kuma mu a Zariya Allah ya hutar damu, akwai tashar binciken gandun daji a Samaru wadda ke ƙarƙashin FRIN, wato cibiyar binciken gandun daji ta ƙasa, ga kuma masana tsirrai a Jami'ar Ahmadu Bello, tambaya bata cin kuɗi mai yawa.

Wani abu da kusan ba mai tambaya: daga bishiya nawa aka ɗebo irin? Yawanci yaro ake aikawa ya share gindin bishiya ɗaya ya cika buhu, kaga dashenka dubu duk 'ya'yan uwa ɗaya ne, in uwar mai rowar 'ya'ya ce ko mai saurin kamuwa da cuta haka zasu gado. Masana na bada shawarar a tara daga bishiyoyi aƙalla 25 zuwa 30 masu lafiya, kuma masu nisa da juna kamar mita 50 zuwa 100. Sannan irin ya zama na yankinmu ko mai kama da shi. Ruwan Zariya wajen milimita 1,000 ne a shekara, daga Mayu zuwa farkon Oktoba, sauran watannin kuma ƙura ce da rana. Dashen da aka lodo daga kudu ya saba da laima, wani lokacin ma maɗacin nasu wani jinsi ne daban na kurmi, zai yi kore shar a mota amma hunturun farko zai gwada maka. Irin Soba, Maƙarfi, Ikara, Kudan ko Funtuwa ya fi maka kwanciyar hankali.

Yanzu bari in daɗe a kan wanda ya fi cin mutane, wato son dogon dashe. Mutum zai zo ya wuce gajerun ya nuna wanda ya kai ƙirjinsa yace wannan nake so, ya fi saurin girma. Ranar da na gane kuskuren nan bazan manta ba, bayan tsamiyoyinmu sun ƙi gaba sun ƙi baya na tono guda ɗaya, sai ga saiwar ta naɗe kanta kamar gammo, zagaye uku a daidai inda gindin leda yake, ko ɗan yatsa bata nutsa ƙasa ba bayan wata takwas a gona. Itatuwanmu na nan da doguwar saiwa suke rayuwa, ita ke bin danshi ƙasa lokacin rani, in ta lanƙwashe a leda to an gama da bishiyar tun kafin a dasa. Wani kuma saiwar ta huda ledar ta shige ƙasan wurin renon, ranar lodi sai a fizge ta tsinke. Abinda zaka nema shine dashe mai tsawon kamu ɗaya ko ƙasa da haka, mai kauri kamar fensir, a doguwar leda, kuma ka tambaya ko ana ɗaga ledojin ana datse saiwar da ta leƙo duk bayan sati biyu zuwa uku. Kafin ka biya cikon kuɗi ka zaɓi leda goma da hannunka daga tsakiya da ƙarshen layi, banda na gaba da aka jera domin ido, ka biya kuɗinsu ka yaga a gabansa. In uku ko huɗu sun yi gammo to ka san halin sauran.

A nan ne kuma zaka kama wata dabara da ake yi idan oda ta zo a ƙurarren lokaci: a shiga daji a tono ƙananan itatuwa a cusa a leda a jiƙa. Alamarsu ƙasar ledar sako-sako take, in ka ɗan ja sai ya biyo hannunka, ƙasan saiwar kuma a guntule. An kashe na daji kuma naka ma da wuya ya rayu.

Dashen da ya taso a inuwa yana shan ruwa safe da yamma baya iya fita rana kai tsaye. Kamar sati huɗu kafin ɗauka a fara rage masa ruwa da inuwa a hankali, ka sa wannan cikin sharaɗi.

Jigila ma na kashe da yawa. An loda a buɗaɗɗiyar a-kori-kura da tsakar rana, an ɗora wasu kan wasu, direba ya taka daga Kwangila har gona, kafin a isa iska ta ƙone ganyen ƙasar leda ta farfashe. A jiƙa su tun jiya, a ɗauka da sassafe ko da yamma, a jera a tsaye a matse, a rufa tamfol ko buhuna, kuma a gaya wa yara 'yan lodi leda ake riƙewa ba wuyan dashen ba. Ka ƙirga da kanka wajen lodi da wajen saukewa. Kuɗi kuma kashi uku ya fi, na farko wajen oda, na biyu in kaje ka ga sun tsiro, cikon bayan an sauke, kuma a rubuta a takarda da shaidu ko da ɗan uwanka ne, sunan kowace bishiya da adadinta da ranar ɗauka. In adadin ya haura dubu biyu ni dai ina raba wa masu reno biyu ko uku, saboda rijiyar mutum ɗaya na iya ƙafewa a watan Afrilu.

Lissafin adadi shima ana yinsa da ka. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, in tazarar mita 10 zaka bayar kamar yadda ya dace da ɗorawa ko gawo a gonar da ake noma, bishiya 100 kacal take ci, in mita 5 ne 400, in mita 3 ne wajen 1,100. Sai ka ƙara kamar kashi 20 cikin ɗari domin cike gurbin waɗanda zasu mutu. Kada kuma a jera maɗaci zalla, akwai tsutsar dake huda kan tohonsa ta sa ya yi rassa barkatai maimakon ya miƙe, gara a cakuɗa shi da wasu.

Abinda ya fi ƙona min rai shine kuɗin duk ya ƙare a sayen dashe, ba'a ware ko sisi na shinge da ban ruwa ba. Dashe ya iso ba'a haƙa rami ba ya kwana goma a rana. Ko a dasa a ƙarshen Satumba ruwa na bankwana, alhali daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli ya kamata domin ya sha markar Agusta. Wasu ma da ledar suke binnewa. Bayan girbi a saki awaki, ga gara, ga wutar daji a Disamba. Wallahi da ka sayi dubu ka barsu gara ka sayi ɗari uku, sauran kuɗin ka yi keji ko shingen ƙaya, ka share ciyawa kewaye, ka ɗauki mutum ɗaya da jarka yana zagayawa har ruwa ya dawo.

Kuma kafin ka bada oda ka zaga filin tukuna. Sau da yawa akwai kututturan kalgo, marke, taura da kanya suna toho duk shekara muna sassabewa. A wajen Maraɗi tun shekarun 1980 manoma suka koma barin toho ɗaya zuwa uku masu ƙarfi a kowane kututture suna gyara su, abinda suke kira sassaben zamani, da haka miliyoyin hekta suka farfaɗo a Nijar. Mu a gonarmu da muka ƙirga mun samu sama da arba'in, kuma sun fi duk abinda muka saya saurin tashi tunda saiwarsu ta daɗe a ƙasa. Na bana kuma tun Disamba na koma wurin Baba mai reno, na kai masa 'ya'yan tsamiya da na kuka da muka tara daga ƙauyuka huɗu, kaɗanya kuwa mun yi da shi sai ta fara zuba a Yuni zamu binne ƙwallon a gonar kai tsaye, biyu-biyu a kowane rami, mu kafa turke a gefe domin kada garma ta bi ta kai.