Yadda Ake Duba Kare Don Cire Kaska Bayan Ya Dawo Daga Daji

Karen farauta, karen da ke bin shanu kiwo, da wanda ake kaiwa gona gadi, duk da wuya su dawo gida ba tare da kaska ba, musamman da damina lokacin da ciyawa ta yi tsawo. A duba shi ranar da ya dawo, kada a bari ya kwana da ita. Ƙwayar cutar Babesia, mai fasa jinin kare, takan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu kafin ta shiga jikinsa daga bakin kaska, ita kuwa ƙwayar cutar Ehrlichia sa'o'i kaɗan sun ishe ta.

Ka tanadi safar hannu, da hantsaki mai siririn baki, da kwalba mai murfi da ɗan kalanzir a ciki. Ka ɗaure karen a tsakar gida inda haske yake sosai, in mai faɗa ne wani ya riƙe maka kansa.

Ido kaɗai ba ya wadatarwa, hannu ne ke gano ta. Ka fara daga kai, kana shafa gashin ta baya-baya, yatsunka suna taɓa fata. Kunnuwa su ne matattararta, don haka ka juya kowanne ka leƙa cikin lungunansa. Sai gefen idanu, ƙarƙashin haɓa, da wuya. Ka kwance igiya ko ɗaurin wuyan gaba ɗaya, domin nan mutane suka fi mantawa. Daga nan hammata, ciki, matsematsi, gindin wutsiya, sannan ka buɗe yatsun kowace ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Kaskar da ba ta sha jini ba ƙarama ce kamar ƙwayar riɗi, wadda ta ƙoshi kuma ta kumbura ta yi ruwan toka. Kafin ka ja wani abu a fatar cikin kare, ka tabbata yana da ƙafafu, kada ka fizgi kan nono.

In ka same ta, ka kama ta da hantsaki dab da fata, wajen bakinta, ba a tumbinta ba. Ka ja a miƙe, a hankali, ba murɗawa, ba fizga, har ta saki. Ka jefa ta cikin kwalbar nan, ka wanke wurin da ruwa da sabulu. Kada ka murƙushe ta da farce, domin jinin da ke cikinta na iya ɗauke da cutar da ke kama mutum.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake shafa wa kare baƙin mai, ko fetur, ko fiya-fiya. Wannan zalunci ne ko da da kyakkyawar niyya aka yi: fata ta ƙone, karen ya lashe gubar, wani ma ya mutu. Ɗana wa kaska wutar ashana shi ma ba ya da amfani. In sun yi yawa har hannu ba zai iya ba, likitan dabbobi zai ba da maganin wanka irin amitraz, tare da ma'aunin da za a sirka.

Aikin bai ƙare a jikin karen ba. Kaskar kare tana hayayyafa a cikin gida, mace ɗaya tana zuba dubban ƙwai a tsagar bango da ƙarƙashin buhun da yake kwanciya. Ka share makwancinsa, ka ƙone tsummokaran, ka liƙe tsagogin.

Makonni uku masu zuwa ka sa masa ido. In ya daina cin abinci, jikinsa ya yi zafi, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi duhu, ko ya fara haɓo, ka kai shi asibitin dabbobi a ranar, ka kuma faɗa musu yaushe ka cire kaskar.