Darasi na 9: Canja Tiyon Bandakin Jirgin Ruwa a Matsattsen Wuri

Karanta waɗannan kalmomi da ƙarfi, sannan ka kwafe su a littafinka: tiyo, zobe, makulli, bawul, toshewa, awo.

Abuja ba ta da teku, amma tana da Tafkin Jabi, kuma akwai jirage a kansa. Mai aikin famfo da ke zaune a Kado ko Gwarinpa zai iya samun kira wata rana, a ce ya zo bandakin jirgi ya toshe. Wani kuma aiki ne zai kai shi Legas, inda jiragen shaƙatawa masu ɗaki da kicin da bandaki suka fi yawa. Shi ya sa na saka wannan darasi a cikin littafin nan. Aiki ne mai wari da ciwon baya, amma wanda ya iya shi ba ya rasa na cefane.

Bandakin jirgi daban yake da na gida. A gida, bututun da ke ɗauke ƙazanta faɗinsa inci 4 ne, ruwa kuma da kansa yake gangarawa. A jirgi, famfo ne ke tura ƙazantar, na hannu ko na lantarki, ta cikin tiyo mai faɗin inci ɗaya da rabi, wato milimita 38. Akwai wani siririn tiyo na milimita 19 da ke kawo ruwan wanki. Babban shi ne ke toshewa, shi ne kuma abin da muke magana a kai.

Me ke toshe shi? Idan jirgi yana aiki a ruwan gishiri, ruwan teku da fitsari suna haɗuwa su bar wani farin abu mai tauri a jikin tiyo ta ciki, kamar wanda kake gani a gindin tsohuwar butar shayi. Kullum ƙaruwa yake yi. Na taɓa yanka tiyon wani jirgi da aka sayo na hannu daga Legas aka kawo Abuja. Ramin da ya kamata ya ɗauki yatsu biyu, ƙaramin yatsana ma da ƙyar ya shiga. Da na buga guntun a ƙasa, ƙara ya yi kamar icce. Ruwan Jabi ba na gishiri ba ne, don haka jirgin da bai taɓa zuwa teku ba, yawanci abin da mutane suka jefa ne ke toshe shi: tsumma, audugar mata, ko takardar goge jiki mai danshi wadda ba ta narkewa.

Kafin ka yanke hukunci cewa tiyo ne, duba bawul ɗin roba da ke bakin famfo, mai kama da bakin agwagwa. Aikinsa ya bar ƙazanta ta fita, ya hana ta dawowa. Sau da yawa a nan matsalar take, canja shi kuma aikin minti kaɗan ne. Idan bawul lafiya yake amma hannun famfo ya ƙi danna, to mai yiwuwa tiyo ne ya cika. Kada ka danna da ƙarfin tsiya, wani wuri zai ɓalle a fuskarka.

Yanzu abin da ya fi komai. A jikin jirgi, ƙasa da saman ruwa, akwai huda, kuma a kan kowace huda akwai makulli, wato abin da ke buɗe hanyar ruwa ko ya rufe ta. Rufe makullin fitar ƙazanta da na shigar ruwa kafin ka taɓa ko da noti ɗaya. Idan hannun makulli yana kwance a layi ɗaya da tiyo, a buɗe yake. Idan ya gicciye, a rufe yake. Mai aikin famfo a gida idan ya yi kuskure, ɗaki ne ke jiƙewa. Kai idan ka cire tiyo makulli a buɗe, tafki ne zai shigo maka. Ajiye turken katako mai tsini kusa da hannunka, domin ka buga shi cikin hudar idan makullin ya karye. Idan ka ga makullin ya ci tsatsa ko ya ƙi juyawa, dakata, ka gaya wa mai jirgi a fito da shi tudu tukuna.

Buɗe duk tagogi da ƙofofi. Iskar da ke fitowa daga ruɓaɓɓiyar ƙazanta, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, guba ce a wuri marar iska. Kada ka shiga kai kaɗai. Sa safar hannu, ka shimfiɗa leda da tsummoki, ka ajiye bokiti. Idan famfo yana ɗan motsi, tura ruwa mai tsabta sau da yawa don tiyon ya ɗauraye.

A aikina na farko irin wannan na yi kuskuren da ba na so ka maimaita. Tiyon ya tashi daga bayan masai, ya shige ta wata huda a bangon katako, ya bi bayan kabad, ya hau sama, ya sauko zuwa makulli a wani lungu da hannu ɗaya kawai ke shiga. Na kwance shi, na ja, ya fito gaba ɗaya, na ji daɗi. Sai da na ɗauko sabon na gane abin da na yi. Hanyar ba ta ganuwa, sabon tiyo kuma yana da tauri, yana zuwa kwana ya tsaya. Kwana biyu muka yi muna cusa waya muna lalube. A rana ta biyu yaron aikina, yana kwance rub da ciki da tocila a baki, ya cire ta ya ce, "Maigida, da ma mun ɗaura sabon a wutsiyar tsohon, da shi zai ja mana shi." Na ce, "Gaskiyarka, ɗana." Tun daga ranar haka nake yi.

Ga yadda ake yi. Kwance zoben ƙarfen da ke ɗaure tiyo a kowane baki. A lungu, sukudireba zamewa take yi, ta yanke ka. Ƙaramar sifana mai kai kamar ƙoƙo ta fi, yawancin zobban nan lamba 7 suke ɗauka. Ɗaure ta da igiya a wuyan hannunka, don abin da ya faɗa ƙarƙashin daɓen jirgi da wuya ya dawo. Inda ido ba ya kaiwa, zura wayarka ka ɗauki hoto, ko ka yi amfani da guntun madubi.

Tsohon tiyo ba ya yarda ya saki bakin da ya shekara a kai. Kada ka yi kokawa da shi, musamman a kan makulli, don girgiza na iya fasa gindinsa. Ɗauki wuƙa mai kaifi ka tsaga bakin tiyon a tsaye, a hankali, kada ka karce abin da ke ƙarƙashi, sannan ka ɓare shi kamar ɓawon rogo. Nan da nan ka cusa tsumma a bakin, ka rufe da leda.

Sai haɗi. Nemi guntun bututu da zai shiga cikin tiyon biyu, rabi a tsohon, rabi a sabon. Idan tsohon ya cika da dutse, ka kankare bakinsa har guntun ya shiga. Huda su ka ɗinke da waya, ko ka ɗaura gajerun kusoshi masu murɗi, sannan ka naɗe da salatif ya yi sumul. Kada ka sa zobe a nan, zai maƙale a huda. Shafa wa sabon tiyo sabulun ruwa. Mutum ɗaya yana ja daga can, ɗaya yana turawa daga nan, kuna magana: ja, tsaya, murɗa. Mai turawa shi ne mai aikin, mai ja jagora kawai yake yi. Idan aka fizga, haɗin ya rabu a bayan bango, kun koma inda na kwana biyu.

Tiyon da za ka saya ya zama na bandakin jirgi, mai santsi ta ciki, mai ƙarfi a jiki. Tiyon ban ruwa ko na injin rijiya zai lanƙwashe a kwana, kuma wari zai ratsa shi ya cika ɗaki. Ka nuna wa mai jirgi wannan tun kafin a yi ciniki.

Don sabon baki ya shiga, tsoma shi cikin ruwan zafi na ɗan lokaci har ya yi laushi. Ni da filas nake zuwa. Kada ka gasa shi da wuta, akwai mai a jirgi. Kada ka shafa giris ko man inji, suna lalata roba. Zura zobba tun kafin ka cusa tiyon, biyu a kowane baki, na ƙarfen da ba ya tsatsa, kan ɗaya yana kallon dama, na ɗayan yana kallon hagu. Idan tiyon ya huce, ka ƙara ɗaure su.

Ka tuna wurin da tsohon tiyo ya hau sama kafin ya sauko? Da gangan aka yi. A ƙoƙon wannan lanƙwasa akwai ƙaramin bawul na shan iska, wanda ke hana ruwan waje zuƙowa cikin masai. Dole ya kasance aƙalla santimita 20 sama da inda ruwan waje ke kaiwa a jikin jirgi. Kada ka gajarta hanya don ka rage tiyo. Idan jirgin yana da tankin tara ƙazanta, tiyon can zai nufa, kuma a tafki irin na Jabi can ya kamata ta tsaya har a kwashe ta a tudu.

Buɗe makulli a hankali. Naɗa busasshiyar takarda a kowane haɗi, ka danna famfo, ka duba ko ta jiƙe. Kafin ka tafi, ka gaya wa mai jirgi abu biyu. Kamfanin Jabsco, mai ƙera irin wannan masai, ya ce a danna famfo sau 7 ga kowace mita ɗaya ta tiyo, don kada ƙazanta ta kwana a ciki. Sannan zuba ruwan khal lokaci zuwa lokaci yana rage taruwar farin dutsen. Amma kada a taɓa haɗa shi da ruwan bilic, haɗin yana fitar da iska mai guba.

Aikin gida. Ka auna hanyar tiyo ka sami mita 2 da santimita 70. Kana so ka ƙara santimita 30 saboda kwana da yankan baki. Mita nawa za ka saya? Sau nawa za a danna famfo a wannan jirgi? Rubuta amsa da lamba, sannan ka rubuta jimla ɗaya da za ka gaya wa yaron aikinka kafin ya taɓa zoben farko.