Yadda ake bin sawun asalin kalmar Turanci: misali da "flapjack"

Kafin ka buɗe ƙamus, fara tabbatar da bakin da kalmar ta fito, domin a nan ake yawan ɓata hanya. Idan Ba'amurke ya ce flapjack, yana nufin wainar fulawa mai faɗi da ake soyawa a kasko a ci da safe. Je ka nemi flapjack a shago a Landan, wani abu daban za a miƙo maka: hatsin ots da aka kwaɓa da man shanu da zaƙi, aka gasa, aka yayyanka murabba'i. Rubuta ma'anonin biyu ka ajiye, za ka dawo kansu.

Daga nan sai ka raba kalmar gida biyu. "Flap" a tsohon Turanci tana ɗauke da ma'anar bugawa ko wurga abu sama, wato abin da mai soyawa take yi idan ta girgiza kasko don wainar ta kife. "Jack" kuwa sunan namiji ne da Turawan Ingila suka mayar na kowa da kowa, suna liƙa shi ga ma'aikaci, ga dabba, har ga kayan aiki. Jak ɗin da bakanike yake ɗaga mota da shi ma daga wannan sunan ya samo asali.

Mataki na uku shi ne ya fi cin lokaci, kuma a ganina shi ne ainihin aikin: nemo inda aka fara rubuta kalmar. Babban ƙamus ɗin Oxford yana jera misalai bi da bi gwargwadon shekarunsu, saboda haka da shi za ka fara. Za ka tarar flapjack ta bayyana a rubuce wajen shekarar 1600. A wasan kwaikwayon Pericles na Shakespeare, wanda aka buga a 1609, wani masunci ya lissafa ta cikin abincin da zai ba basaraken da jirgin ruwansa ya nitse.

Yanzu koma kan ma'anoni biyun nan. Ta wainar kasko ita ce tsohuwar, ta ots kuwa sai a ƙarni na 20 ta ɓullo a Birtaniya. Ashe Amurkawa ne suka riƙe ta asali, masu harshen suka canza.

Idan ka ci karo da wani labari mai daɗin ji game da asalin kalma, amma babu tsohon rubutu da ke goyon bayansa, ajiye shi gefe.

Gwada hannunka da kalmar gida. Hausa kan mayar da "p" ta Turanci "f", shi ya sa muke cewa fensir, fasinja da fakiti. Bi wannan hanya da fanke, za ka tsinci kanka a kan "pancake", duk da cewa namu dunƙulalle ne, kuma a mai mai yawa ake tsoma shi.