Yadda za ka bi tarihin ƙungiyar The Pogues da kunnenka

Wani abokina mai gyaran rediyo a Terminus ne ya fara kunna mini waƙoƙin The Pogues, ƙungiyar mawaƙa masu salon kiɗan gargajiyar Ireland, wata safiya da sanyin Jos ya hana mu sakat. Da farko hayaniya kawai na ji. Sai da na koma baya na bi su daki-daki na gane abin da suke yi. Ga hanyar da na bi.

Kada ka fara da su. Fara da The Dubliners, dattawan mawaƙan gargajiya da suka kafu a Dublin, babban birnin Ireland, a 1962. Zauna da su mako guda, har kunnenka ya saba da banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya, da sarewar ƙarfe, kamar yadda wanda bai san kuntigi ba ba zai gane Ɗan Maraya Jos ba.

Daga nan sai ka nufi Landan, 1982. A unguwar King's Cross Shane MacGowan da Spider Stacy da Jem Finer suka kafa ƙungiyar The Pogues, MacGowan ne babban mawaƙinta. Sunanta na farko zagi ne da harshen mutanen Ireland, shi ya sa aka datse shi. Kunna faifansu na 1984, sannan na 1985 wanda mawaƙin Ingila Elvis Costello ya shirya. Za ka ji waƙoƙin kaka da kakanni ne, an zuba musu gudu da zafin matasa.

Inda nake so ka daɗe shi ne faifan 1988. Kafin ka kunna waƙar Thousands Are Sailing ta Philip Chevron, makaɗin jita na ƙungiyar, ka san cewa yunwar da ta fara a 1845 ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya a Ireland, ta kori wasu da yawa zuwa Amurka. Waƙar 'yan ci-rani ce. Shi kansa MacGowan a Ingila aka haife shi, iyayensa 'yan Ireland, kewar gida kuwa a muryarsa take. Ranar da na gane haka, ƙanina da ke Libiya na tuna, na kasa ƙarasa shayina.

Sauran labarin gajere ne. Giya ta ci ƙarfin MacGowan, aka sallame shi a 1991, Joe Strummer, tsohon mawaƙin ƙungiyar The Clash, ya riƙe wurinsa na ɗan lokaci. Suka watse a 1996, suka sake haɗuwa a 2001.

Na ƙarshe, nemi bidiyon jana'izar MacGowan a garin Nenagh na Ireland, Disamba 2023. Ka kalle shi kai kaɗai, da dare.