Darasi na Bakwai: Fifteen da Fifty

Waɗannan kalmomin Turanci biyu za ku riƙa jin su a kantin magani, a asibiti, da filin jirgin Jidda, musamman a bakin ma'aikata 'yan Indiya da 'yan Filifin. Fifteen ita ce goma sha biyar, ana rubuta ta 15. Fifty ita ce hamsin, ana rubuta ta 50.

Farkonsu ɗaya ne: fif. Kada ku tsaya a nan. Bambancin duk yana ƙarshe, don haka ƙarshen za ku kasa wa kunne.

Sha biyar ana faɗinta fif-tiin. Ana jan ƙarshen, a ɗaga murya a kansa, a rufe da harafin n. Hamsin kuwa fif-ti ce, ƙarfin muryar yana farko, ƙarshen gajere, babu n. Ku maimaita a hankali: fif-tiin. Kun ji n ɗin? Ku sake. Harshe yana komawa bayan haƙoran sama, sautin ya fita ta hanci. Yanzu ku toshe hanci da yatsu biyu ku ce fif-tiin. Ƙarshen zai maƙale. Ku ce fif-ti, hancin a toshe: ta fita sumul. To wadda ta maƙale ita ce sha biyar. Madalla, ku sake sau biyar. Ba abin kunya ba ne, har masu digiri suna rikicewa a nan.

A kan kuɗi: babu takardar riyal 15. Goma ce da biyar. Hamsin kuwa takarda ɗaya ce, koriya. In mai shago ya faɗi farashi da sauri, Hajiya, kada ki miƙa koriyar tukuna. Ki tambaya: wan-faif? Wato ɗaya da biyar, 15. Ko faif-ziro? Wato biyar da sifili, 50. In abin ya ƙi, ki nuna masa wayarki ya danna lambar ki gani da idonki.

Sai dai a lura, a rubutun Larabci biyar zagaye ce kamar sifilinmu, ٥, sifili kuma ɗigo ne kawai. Sha biyar ١٥, hamsin ٥٠.

A kan magani abin ya wuce asarar kuɗi. Mililita 15 babban cokali ɗaya ne. Mililita 50 ta fi ninki uku. A sa mai kantin ya ja layi da biro a jikin ɗan kofin awon, daidai inda za a tsaya. Kuma Alhaji, wannan ɗabi'a ta gyaɗa kai ana cewa yes, yes, alhali ba a ji ba, a daina ta. An faɗa, an sake faɗa. Ba ka ji n ba? Ka tambaya. Ka ji kamar akwai n amma kana shakka? Ka tambaya. Wanda ya taho tun daga Kano ko Damagaram bai kamata tambaya ɗaya ta gagare shi ba.

Sauran 'yan'uwansu haka suke: thirteen 13 da thirty 30, fourteen 14 da forty 40, har zuwa nineteen 19 da ninety 90. Mai n a ƙarshe ita ce mai "sha".

Aikin gida: a rubuta 15 da 50 layi uku-uku, ana faɗa da ƙarfi.