Yadda za ka lura da kan yaronka in ya shiga ƙwallon Amurka

Tun da Ezekiel Ansah ɗan Accra ya buga wa jami'ar BYU ta Amurka har kulob ɗin Detroit Lions suka ɗauke shi a 2013, ga kuma NFL, babbar hukumar ƙwallon Amurka, ta zo Ghana neman yara a 2022, wasu samarinmu na Nima da Mamobi sun sa rai da sikolashif. Ba laifi, amma iyaye don Allah ku fara tambayar yaro, a ina koci ya tsayar da kai? Don haɗarin girgizar ƙwaƙwalwa ba ɗaya ba ne a filin.

In yana cikin masu gudu su cafe ƙwallo, ko masu tsaron baya, nasu karon bai da yawa amma in ya zo da gudu yake zuwa, kowa zai gani. Kwatabak, mai jefa ƙwallon, shi ma haka, ana kayar da shi ƙeyarsa ta daki ƙasa. Waɗanda suka fi ba ni tausayi ƙattin layin gaba ne, duk bugu sai sun gwara kai da na gabansu, kaɗan-kaɗan ba wanda ya faɗi balle a tsayar da wasa, yaro yana ganin taurari ya girgiza kai ya koma layi ya yi shiru don kar a ba wani wurinsa. In naka a nan yake, kar ka jira ya faɗa maka, kai za ka riƙa tambaya.

Kuma kar ka tsaya kan ranar wasa kawai, wani bincike na 2021 a jami'o'in Amurka ya nuna kashi 72 cikin 100 na girgizar ƙwaƙwalwa a lokacin tirenin take faruwa. Ka kira shi da bidiyo bayan tirenin, ka dubi idonsa, ka ji maganarsa. Ciwon kai, jiri, haske na damunsa, yana maimaita tambaya ɗaya, duk alamu ne, ba sai ya suma ba. Hular kwano ƙoƙon kai take karewa, ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a ciki.

In an ga alama ya fita, ba komawa ranar ko koci ya ce me. Amai a kai a kai, farfaɗiya, ko ciwon kan na ƙaruwa, asibiti nan take, in a nan gida ne asibitin Korle Bu. Daga baya hutun kwana ɗaya ko biyu, sai tafiya, sai gudu a hankali, karo kuwa sai likita ya sa hannu.