Yadda Ake Karanta Fitilun Layin Dogo

Ɗana, kafin ka ja jirgi daga tashar Ngaundere ta ƙasar Kamaru, riƙe wannan. Layin dogo yanki-yanki ne, jirgi ɗaya tak ke shiga kowane yanki. Inda fitila ke aiki da kanta, da zarar ƙafafun jirgi sun taka ƙarafan yankin, fitilar bayansa sai ta koma ja.

Kore, ka wuce. Rawaya kuwa, fara kama birki nan take, don ta gaba ja ce. Jirgi mai taragon shanu ba ya tsayawa kamar babur. Na taɓa ganin hazon hunturu ya ɓoye mana ja sai da muka zo dab, gabana na faɗuwa.

In fitila ta mutu, ɗauke ta a matsayin ja. Tsaya, kira tasha, kada ka motsa sai an ba ka izini.